Babi na Tara: Bin Kurket ta Waya Daga Bakin Dajin Rugu

Bayan ƙwallon ƙafa, babu wasan da ya kai kurket yawan mabiya a duniya. Amma da za ka tsaya a tashar motar Batsari ranar Alhamis, kasuwa na ci, ka ce samarin da ke lodi su faɗa maka sunan ɗan wasan kurket guda ɗaya, da wuya ka samu amsa. Ka tambaye su wa ya ci wa Barcelona ƙwallo a makon jiya, har mintin da aka ci za su faɗa maka. Haka abin yake a Safana, haka yake a Runka da Ruma da Wagini. Ƙwallon ƙafa ce ta cinye gari, dambe da kokawa na da nasu mutanen, kurket kuwa wani abu ne da ke giftawa a fim ɗin Indiya, ana jira a wuce wurin a koma kan waƙa.

To, me ya kawo shi cikin littafin nan? Abin da ya kawo shi shi ne halin da mai son wasanni ke ciki a wannan yanki. Wayarsa ƙarama ce, sabis na zuwa yana ɗaukewa, datar da ya saya ta kwana ɗaya ce, caji sai ya biya a shago, dare kuma ba kowa ke iya fita cikinsa ba. Na daɗe ina bin wasanni ta waya, kuma a cikin duk waɗanda na sani babu wanda ya dace da irin wannan hali kamar kurket, domin shi wasa ne da ake iya karantawa. Mutum zai iya bin sa tun daga jifan farko har na ƙarshe bai ga hoto ko ɗaya ba, kuma gabansa ya faɗi a daidai inda na waɗanda ke cikin filin ya faɗi.

Ga yadda ake yin sa a taƙaice. Ƙungiya biyu ce, kowace da mutum 11. A tsakiyar fili akwai zirin ƙasa da aka daɓe, tsawonsa kamar mita 20, a kowane ƙarshensa an kafa turaku uku. Ƙungiya ɗaya na jifa tana tsaron fili, ɗayar na duka. Mai jifa zai sheƙo da gudu ya wurgo ƙwallo, ta daki ƙasa ta taso, burinsa ya kaɗe turakun nan. Mai duka na tsaye a gabansu riƙe da faffaɗar sanda, yana kare su, yana kuma neman ya maka ƙwallon inda ba kowa. In ya doke ta, shi da abokinsa da ke ɗaya ƙarshen sai su yi musayar wuri da gudu, kowace musaya maki ɗaya. In ƙwallon ta gangara har ta kai iyakar fili, maki 4 ke nan. In ta tsallake iyakar ta sama ba ta taɓa ƙasa ba, maki 6. In aka kaɗe turakunsa, ko aka cafe ƙwallon da ya doka kafin ta faɗi, ya fita, wani ya shigo. Da zarar mutum 10 sun fita an gama da ƙungiyar, sai a juya. Kowane jifa shida zubi ɗaya ne, in ya cika sai wani mai jifan ya karɓa daga ɗaya ɓangaren.

Tsohon salon wasan, wanda ƙasashe suka fara karawa da shi a Melbourne a 1877, yanzu kwana biyar ake yi ana buga shi, kuma yana iya ƙarewa ba wanda ya ci. Wannan kam sai mai haƙuri. Akwai na yini guda, yanzu zubi 50 kowane ɓangare, wanda da shi aka fara gasar cin kofin duniya a 1975, lokacin yana zubi 60. Sai na baya-bayan nan da aka ƙirƙiro a Ingila a 2003, mai zubi 20, wanda ake kira T20, awa uku da 'yan kai an tashi. Shi ne ya jawo kuɗi da jama'a, musamman tun da Indiya ta kafa gasarta ta IPL a 2008.

Abin lura shi ne yadda wasan yake a yayyanke. A ƙwallon ƙafa mutum 22 ne ke motsi lokaci guda ba tsayawa, ba mai rubutun da zai iya kamo abin da ke faruwa. Iyakarsa ya ce an ci a minti na 63, ko an ba wane jan kati, sauran kuwa sai wanda ya gani. Kurket ba haka yake ba. Jifa ɗaya, a tsaya, a sake shiri, wani jifan. Ya fi kama da dara: wannan ya ɗora, a yi shiru, 'yan kallo su tofa albarkacin bakinsu, wancan ya ɗora. Kowane jifa yana da sakamakon da ake rubutawa da alama ɗaya tak. Shi ya sa in ka buɗe shafin da ke bin wasa kai tsaye, za ka ga layi kamar haka, a misali: 0 1 4 W 2 6. Wanda ya saba ya karanta labari guda ke nan. Jifan farko bai samu komai ba, na biyu suka saci ɗaya, na uku abokinsa ya kora ta iyaka, na huɗu ya yi ganganci aka fitar da shi, sabon shiga ya samu biyu, sannan ya ɗaga ta waje. A saman layin kuma akwai jimilla, da adadin waɗanda suka fita, da jifa nawa ya rage. Wannan duka rubutu ne tsura, ko sabis mai rarrafe zai ɗauko shi, kuma datar da zai ci a wasa guda ba ta kai ta bidiyon barkwanci biyu a TikTok ba.

Wata rana da la'asar sakaliya ina zaune a bakin wani shagon caji, irin waɗanda ake jera wayoyi a katako kowace an manna mata lamba, ina ta danna waya ina jan tsaki. Wani dattijo mai awon hatsi da ya zo karɓar tasa ya dube ni ya ce, "Malam, lafiya? Ko saƙon banki ne bai shigo ba?" Na ce, "A'a Baba, wasa ne ake yi a Indiya." Ya leƙo fuskar wayar, bai ga kowa ba sai lambobi. Ya ce, "To ina 'yan wasan?" Na nuna masa cewa waɗannan na neman maki 30, jifa 18 ya rage musu, mutum uku kawai suka rage ba a fitar ba. Ya ɗan yi shiru yana motsa yatsu, sannan ya ce, "Ashe kowane jifa uku sai sun samu biyar. In suka yi garaje kuma a cinye su." Ya ja benci ya zauna. Bai taɓa ganin sandar kurket ba, amma ya kama zuciyar wasan cikin minti biyu, domin lissafin riba da kasada sana'arsa ce. Bai tashi ba sai da aka kira sallar magariba.

Ba yau aka fara bin kurket ba tare da gani ba. A 1934, lokacin da Ostireliya ta je Ingila wasa, zamanin shahararren mai dukan nan Don Bradman, ba a da hanyar kai muryar mai sharhi daga Ingila zuwa can ta yadda za a dogara da ita. Sai gidan rediyon ABC ya yi dabara. Wani na zaune a filin wasa yana buga wayar tangaraho bayan kowane zubi, cikin gajerun alamomi. A birnin Sydney kuma masu sharhi na zaune a ɗaki, a miƙo musu takardar, su warware ta su ba da labari kamar a gabansu ake yi. In an ce an doki ƙwallo sai su ƙwanƙwasa fensir a katako, a saki faifan tafin jama'a. Mutane suka riƙa raba dare a gindin rediyo, sun san sarai yadda ake haɗa abin, amma bai rage musu komai ba.

Shi ma bin wasan ta intanet waɗanda aka yanke daga gare shi ne suka fara shi. A farkon shekarun 1990 akwai ɗalibai da masu bincike 'yan Indiya da Pakistan da Ingila da sauran ƙasashe a jami'o'in Amurka, ƙasar da jaridunta da talabijin ɗinta ba ruwansu da kurket. Sai suka riƙa taimakon juna: wanda ke inda ake jin rediyo ya zauna gaban kwamfuta yana rubuta abin da ya ji, saura su karanta. Daga nan ne wani Baturen Ingila mai bincike a Jami'ar Minnesota, Simon King, ya kafa Cricinfo a 1993, masu sa kai suka yi ta zuba masa sakamakon wasanni na da da na yanzu. Kamfanin ESPN ya saye shi a 2007. Indiyawa kuma suka kafa nasu, Cricbuzz, a 2004. Har yau waɗannan biyun ne inda akasarin mabiya ke leƙawa, kuma ginshiƙinsu bai sauya ba: wani na kallo yana rubutawa jifa bayan jifa, wanda ba ya iya gani yana karantawa. A ranar 19 ga Nuwamba 2023, da Ostireliya ta doke Indiya a wasan ƙarshe na kofin duniya a Ahmedabad, an kai lokacin da mutum miliyan 59 ke kallo a lokaci guda ta manhajar Hotstar kaɗai. Duk da haka shafukan rubutun nan ba su mutu ba, don ma'aikaci a ofis da direba a hanya da ɗalibi a aji duk ba su da halin kunna bidiyo.

Mu kuma ai jin abu daga nesa ba baƙonmu ba ne. Tun 1957 da BBC ta buɗe sashen Hausa, iyayenmu ke rataye da rediyo a kafaɗa, suna bin yaƙe-yaƙe da zaɓuɓɓukan ƙasashen da ba su taɓa takawa ba, su zauna su yi muhawara a kai kamar da su aka yi.

Wanda bai zauna a yammacin Katsina ba zai ɗauka na cika baki da na ce sabis abin tattali ne a nan. Batsari da Safana na bakin Dajin Rugu, kuma kowa ya san abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukan wannan yanki cikin shekarun nan. A ƙarshen Agusta 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokar tsaro da ta rufe wasu hanyoyi da kasuwannin dabbobi, ta hana sayar da fetur a jarka. A farkon Satumba kuma aka katse layukan waya gaba ɗaya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana da Jibiya da Ɗanmusa da Kurfi da Dutsinma da Ƙanƙara. Aka kuma hana sana'ar cajin waya a yankunan da abin ya shafa. Watanni aka kwashe a haka. Mai son ya gaisa da ɗansa da ke ci-rani a Legas sai ya shiga mota zuwa Katsina, wasu suka koma ba direbobi wasiƙa kamar zamanin da. Asarar da 'yan kasuwa da masu POS da marasa lafiya suka yi ta fi ƙarfin a haɗa ta da zancen wasa, amma samari sun ji a jikinsu ta nan ma. A cikin kwanakin ne, ranar 11 ga Satumba, Ronaldo ya buga wasansa na farko bayan komawarsa Manchester United, ya ci Newcastle biyu. Gidan kallon da ke da setilayit bai buƙatar sabis, amma yana buƙatar janareta, janareta kuma sai da fetur, fetur ɗin ga halin da ake ciki. Ranar 24 ga Oktoba kuma, a Dubai, Pakistan ta doke Indiya a karon farko a tarihin gasar kofin duniya, ba tare da an fitar mata da mutum ko ɗaya ba. Rabin Asiya bai yi barci ba a daren, nan kuwa ko da akwai mai son ya sani, ba ta inda labarin zai shigo.

Layuka sun dawo, amma tsada ta zauna. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Wanda ke sayen data da canjin da ya rage masa bayan cefane, kallon wasa na minti 90 a waya ba nasa ba ne.

Sai batun lokaci, wanda a ganina ya fi komai. Manyan wasannin Zakarun Turai da ƙarfe takwas ko tara na dare suke farawa a agogonmu, a tashi wajen sha ɗaya. A cikin garin Batsari ko Safana mai gida kusa zai iya, amma saurayin da zai hau babur ya koma ƙauye a wannan lokaci ya san kasadar da yake yi, iyayensa ma sun sani. Indiya kuwa na gabanmu da awa huɗu da rabi. Wasan IPL da ake farawa ƙarfe bakwai da rabi na yamma a Mumbai ko Chennai, ƙarfe uku na rana ne a nan, ya ƙare wajen magariba. Gasar kuma daga ƙarshen Maris zuwa Mayu ake yin ta, tsakiyar bazara, lokacin da zafi ya hana kowa sakat, aikin gona bai wuce shara da kai taki ba, kowa na ƙarƙashin inuwa yana jiran rana ta yi sanyi. Kusan kullum akwai wasa har tsawon wata biyu. Ban san wata gasa a duniya da ta faɗo daidai da zaman majalisar la'asar ɗinmu kamar wannan ba.

Za a ce to wa za mu goya wa baya, mu da ba mu da kowa a ciki? Wannan tambaya ba ta hana ɗan Safana yin fushi da abinci don an ci Arsenal ba. Amma ko ita ma tana da amsa, domin Nijeriya na da ƙungiya, kuma tana abin a yaba. Tun 1904 aka fara karawa tsakanin Legas da Gold Coast, wato Ghana ta yau. A 2002 Nijeriya ta shiga hukumar kurket ta duniya, ICC, da sunanta. Samarinmu 'yan ƙasa da shekara 19 sun je gasar kofin duniya a Afirka ta Kudu a 2020. Matanmu sun ciyo tagulla a wasannin Afirka da aka yi a Accra a Maris 2024. Babban abin kuma ya faru ne ranar 20 ga Janairu 2025 a birnin Kuching na Malesiya, a gasar kofin duniya ta 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 19, wadda Nijeriya ta je a karon farko. Ruwan sama ya sa aka rage wasan zuwa zubi 13. 'Yan matanmu, ƙarƙashin kyaftin Piety Lucky, suka yi maki 65, an fitar musu da mutum shida. Abokan karawarsu New Zealand ne, ƙasar da ta haura shekara ɗari tana wannan wasa, wadda manyan matanta suka ɗauki kofin duniya na T20 wata uku kafin nan. Aka zo zubin ƙarshe suna neman maki 9 a jifa shida. Shida suka samu. Nijeriya ta ci da maki 2. Malesiya na gabanmu da awa bakwai, don haka abin ya faru ne yawancinmu ba mu ma gama karin kumallo ba, kuma har rana ta faɗi da wuya in an ambace shi a wata majalisa tsakanin Katsina da Funtuwa.  Ire-iren wasannin da Nijeriya ke bugawa da Ruwanda da Uganda da Kenya da Saliyo, ana bin su jifa bayan jifa a shafukan da na ambata, da yawa kuma ICC na nuna su a shafinta na bidiyo.

Wani abin da ya kamata Bakatsine ya sani shi ne, wasan nan ya taɓa zama a gidanmu. Kwalejin Katsina, wadda ta fara karatu a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a 1922, ɗalibanta sun buga kurket. Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya gama a 1931, ya buga shi a can, tare da ƙwallon bangon nan da ake kira Fives, wadda ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa. Abubakar Tafawa Ɓalewa ma ɗalibin makarantar ne, kuma filin kurket mafi suna a ƙasar nan yau yana dandalin da ke ɗauke da sunansa a Legas. Wasanni uku Turawa suka shigo da su cikin manyan Katsina: folo, Fives da kurket. Folo ya kama ƙasa saboda ya tarar da dawaki da mahaya, ga Sarki Muhammadu Dikko ya rungume shi, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya zama gwanin da har ƙasashen waje aka san shi. Fives ta zauna saboda bango da ƙaramar ƙwallo kawai take nema, ga Sardauna ya tsaya mata, har yau ana buga ta a Katsina da Sakkwato. Kurket shi ne maraya. Yana son kaya masu tsada da ake shigowa da su daga waje, yana son yini guda, bai kuma samu basaraken da ya ɗauke shi nasa ba. Da aka mayar da kwalejin zuwa Kaduna a 1938, daga baya Zariya a 1949, inda ta zama Barewa, sai ya bi ta ya bar mana tsohon ginin, wanda yanzu gidan tarihi ne.

Ta ƙofar fim ya sake leƙo mu. Duk wanda ya girma da fina-finan Indiya, ko a sinima ko a kaset ko a memorin da masu turi ke cika wa mutane a kasuwa, ya ga yara na buga shi a lungu. Da yawa kuma sun kalli Lagaan na Aamir Khan, wanda ya fito a 2001: ƙauyen manoma a 1893, fari ya hana shuka, Bature ya ɗora haraji, sannan ya ce a buga kurket, in ƙauyen ya ci a yafe musu na shekara uku, in an ci su su biya ninki uku. Manomin da ya san abin da ake nufi da a ce sai ka biya wani kafin ka shiga gonarka, ba sai an yi masa fassarar wannan labari ba. Babban kaso na fim ɗin wasan ne, kuma wanda ya kalle shi har ƙarshe ya riga ya koyi dokokin bai sani ba. Akwai kuma fim ɗin rayuwar M.S. Dhoni na 2016, da 83 na 2021, kan yadda Kapil Dev ya ja Indiya ta ɗauki kofin duniya a 1983.

Batun tsadar kaya ma an daɗe da warware shi a wani wuri. A titunan Karachi yara suka gano cewa in aka naɗe ƙwallon tenis da salatif ɗin masu gyaran wuta, tana gudu kamar ta gaske, ba ta kuma fasa kai. Ba a buƙatar hular kwano ko kariyar ƙafa. Sanda kafinta zai fafe ta, turaku kuwa ko bulo aka jera ya isa. Da irin wannan ƙwallo 'yan Afganistan suka koyi wasan a sansanonin gudun hijira da ke kewayen Peshawar, lokacin da yaƙi ya kore su daga gida. 'Ya'yan waɗannan sansanoni ne suka kafa ƙungiyar ƙasar, kuma a 2024, ƙarƙashin Rashid Khan, Afganistan ta doke Ostireliya ta kai wasan kusa da na ƙarshe a kofin duniya na T20. A Ruwanda ma waɗanda suka dawo daga hijira bayan kisan ƙare-dangi na 1994 ne suka shigo da shi daga Uganda da Kenya, yanzu suna da fili na gani na faɗa a Gahanga, inda matan Nijeriya ke zuwa gasa. Ba ina cewa wasa na maganin abin da ya raba mutane da ƙauyukansu ba ne. Amma yaran da aka kwaso daga ƙauyuka aka zube a cikin garin Batsari suna da yini mai tsawo da ba abin yi a cikinsa, kuma an ga inda irinsu suka kai.

Akwai rami guda a wannan hanya, kuma wajibi ne in faɗe shi. Yadda wasan yake a yayyanke ɗin nan da ya sa yake daɗin karantawa, shi ya sa ya zama abincin 'yan caca, don kowane jifa ana iya zuba kuɗi a kansa. Ya taɓa lalata manya: kyaftin ɗin Afirka ta Kudu Hansie Cronje ya amsa a 2000 cewa ya karɓi kuɗin 'yan caca, aka kore shi har abada, a 2010 kuma aka kama 'yan wasan Pakistan uku da sayar da jifa a filin Lord's na Landan, har suka yi zaman kurkuku. Da ka fara neman sakamakon wasa a waya, tallar caca za ta fara bin ka, da alkawarin garabasa ga sabon shiga. Addini ya hana, aljihu ma bai ɗauka. Mun ga abin da cacar ƙwallon ƙafa ta yi wa samari a garuruwanmu, wasu har jarin sana'arsu ya tafi. Wanda zai bi kurket ya tsaya a shafukan sakamako, ya bar duk manhajar da ta nemi lambar asusunsa.

Harshe ma shinge ne, don sharhin da Turanci ake rubuta shi, ko da yake lambobin ba su da yare. A nan ne nake ganin aiki na jiran samarinmu masu shafukan wasanni a Facebook da WhatsApp, waɗanda ke fassara labaran Firimiya da Laliga tun kafin gari ya waye. Mutum ɗaya mai jin Turanci da ke zaune a Katsina ko Dutsinma, inda sabis ya fi ƙarfi, zai iya bin wasan Nijeriya yana turo shi da Hausa zubi bayan zubi, daidai yadda ɗaliban nan na Amurka suka yi wa juna a 1993. Ba ya buƙatar izinin kowa, ba ya buƙatar kyamara.

A 2028 kurket zai koma wasannin Olamfik a Los Angeles, karon farko tun na Faris a 1900, kuma salon T20 za a buga, maza da mata. Ina kira ga malaman wasanni na makarantun sakandaren Batsari da Safana, da hukumar wasanni ta Jihar Katsina, su nemi Hukumar Kurket ta Nijeriya, wadda ke zagaya makarantu tana koyar da yara, su ce a zo nan ma. Kai kuma mai karatu, in bazara ta zo, ranar da ka ga datarka ba za ta ɗauki bidiyo ba, buɗe Cricbuzz ko Cricinfo da ƙarfe uku na rana, ka zaɓi ɓangare ɗaya, ka bi shi har zubi biyar na ƙarshe kafin ka yanke wa wasan hukunci.